Kawun Da Ya Kai Ƙarar Idonsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An yi wa Kawu sutura da hantsin wata Laraba, aka kai shi makwancinsa, maza suka dawo suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Fagge. Mu mata muna ciki. Ni ce mai kai da kawo tsakanin tsakar gida da zaure, shi ya sa na riga kowa lura cewa masu zuwa gaisuwa iri biyu ne. Akwai dangi da maƙwabta da tsofaffin abokan aikinsa na reluwe. Akwai kuma waɗanda duk gidan babu wanda ya san su sai ni.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa da ke bi masa. Ta jawo gefen hijabina ta ce, "Ke, waɗannan su wane ne? Tun ɗazu nake ganin baƙin fuska, kuma kowa ya shigo sai ya fi mu kuka."

Na ce, "Mutanen Kawu ne na asibiti."

"Asibitin naku? Ai na ɗauka hira kawai yake zuwa."

A lokacin wata Hajiya mai shagon atamfa a Kantin Kwari tana durƙushe gaban matar Kawu, ta kasa haɗa kalmomin gaisuwar, sai "Allah sarki Baba" take maimaitawa. A waje kuma wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ya cire takalmi ya tsaya a bakin tabarma, hularsa a hannu. Aka yi masa tayin zama, ya ce zai tsaya. Da ya hango ni sai ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Sista, wannan Baba shi ya hana ni rufe shago." Can gefe wani tsoho da suka yi aikin jirgi tare ya dubi 'ya'yan Kawu ya ce, "Ku uba kuka rasa. Mu kuwa mun rasa mutumin da muke kafa hujja da shi in ana gardamar ko akwai sauran masu gaskiya."

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin ido a Sabon Gari. Na ga ashe dangi rabin Kawu suka sani, mutanen asibiti kuma ɗaya rabin. Ni da Allah ya nufa na ga duka biyun, bai kamata in yi shiru ba.

Asalinmu Barebari ne, kakanmu fatauci ya kawo shi Fagge ya zauna. Kawu bai bi kasuwa ba, ya shiga reluwe tun yana saurayi. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa ta Kano shi ne sauya layi da ba direba hannu da tuta. Wata rana ana haɗa taragai, wani ƙarfe ya kuɓuce ya buge shi a gefen kai. Ya yi kwanaki a kwance, ya tashi ras, sai dai idonsa na hagu ya karkace ya nufi hanci. Daga nan duk abin da ke nesa ya zama biyu. Layin dogo biyu, kan jirgi biyu, mutumin da ke tsallaka layi shi ma biyu.

Kafin ya koma aiki aka gwada idonsa. Aka rufe na hagu, ya karanta allon haruffa har ƙasa. Aka rufe na dama, ya karanta. Aka buga masa hatimi cewa lafiyarsa ƙalau. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake gani in duka biyun suna buɗe.

Kwana huɗu ya yi a bakin aiki. A na biyar ya ɗauki tutarsa ya shiga ofishin shugaban tasha ya ajiye ta a kan tebur. Wannan tsohon abokin aikin nasa yana wurin, shi ya ba mu labarin. Shugaban ya ce, "Ga takardarka, likita ya ce kana gani." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya-ɗaya suka auna, ni kuwa da biyu nake aiki. Jiya na ga jirgi a layi biyu, na canka, na dace. Ba zan riƙa canke da ran mutane ba." Aka ce ya rufe ido ɗaya mana. Ya ce in ya rufe ɗaya jirgin yana komawa ɗaya, amma ba ya iya sanin nisansa. Aka mayar da shi gadin sito, bayan ɗan lokaci aka sallame shi.

Ina ƙarama lokacin, amma ban manta faɗan da Inna ta yi masa ba. A tsakar gidan nan ta tsaya tana tafa hannu. "Yaya, 'ya'ya biyar da mai ciki! Wa ya sani? Wa ya tambaye ka? Kai ka kai ƙarar kanka!" Yana zaune a kan turmi yana sauraro har ta gaji. Sai ya ce, "Ba kaina na kai ƙara ba, idona na kai. Kuma shi ya fara." Inna ta yi wata biyu ba ta taka gidan ba. Shi kuwa ya kafa teburin sayar da goro da ƙananan kaya kusa da tasha, da shi ya riƙe gidansa har yaran suka kawo ƙarfi.

Mun taso muna ganin wasu halaye nasa, muna ɗauka dabi'a ce kawai. In zai yi maka magana sai ya juya fuskarsa hagu kaɗan ya kalle ka ta gefe, don a haka ne hotunan biyu suke matsowa kusa da juna. In zai zuba shayi sai ya jingina bakin butar da bakin kofi tukuna. In za a gaisa, shi yake riga miƙa hannu ya tsayar da shi, ya bar ka ka kama. Matattakala kuwa sai ya taɓa ta da yatsan ƙafa kafin ya ɗora nauyinsa. Tsallaka titi a shatale-talen Bata shi ne babban yaƙinsa. Zai tsaya har sai ya ga wata mai tallan abinci ko wani ɗan dako zai ƙetare, ya jera da su kafaɗa da kafaɗa kamar tare suke. Bai taɓa cewa a riƙe masa hannu ba.

Yaran unguwa sun yi masa waƙar harara-garke. Ba ya korarsu. Yakan ce, "Ku yi a hankali, ku goma ne amma ashirin nake gani, kada in kai ƙarar waɗanda ba su zo ba." A wurin cin abinci kuma ya ce shi ne mutumin da aka fi cuta a Kano, nama biyu yake hangowa a miya, in ya kai hannu ya tarar da ɗaya. Saboda wannan barkwancin nasa babu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi ko abin yana damunsa. Har da ni.

Da na fara aiki na matsa masa ya zo a duba shi. Aka yi masa aiki, idon ya miƙe sosai, aka ba shi tabarau mai gilashi na musamman da ke jawo hotunan su haɗu. In ya kalli gabansa kusa, abu ɗaya yake gani. Nesa da ɓangaren hagu kuwa suka ƙi. Likitanmu ya ce jijiyar ta daɗe da mutuwa, iyakar abin da za a samu ke nan. Kawu ya yi godiya. Sai dai tun daga zuwan nan bai daina zuwa ba. Ranar Talata ce ranar manya masu karkataccen ido, shi kuma duk Talata zai shigo da sanyin safiya ya zauna a ƙarshen benci. Yana jin Barbarci da Turanci da ɗan Yarbanci, ga Turancin kasuwa, sai ya zama tafintan da babu wanda ya ɗauka aiki.

Ana nan likita ya kawo wata takardar tambayoyi. Ya ce allon haruffa yana auna ido ne kawai, wannan kuwa za ta auna yadda idon ya taɓa rayuwar mai shi. Tambayoyi ne kamar haka: Kana ganin abu biyu in ka kalli nesa? In kana karatu fa? Kana gudun haɗa ido da mutane? Ka bar wani abu da kake so saboda idonka? Kowace tambaya amsarta ɗaya ce cikin biyar: ko kaɗan, jefi-jefi, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum. A ƙarshe a haɗa maki, a sake yi bayan magani a ga ko an ci gaba. Ni aka ba aikin mayar da ita Hausa da karanta wa marasa lafiya.

Mako uku ina yi, takardun suna fitowa kamar na mutanen da babu abin da ke damunsu. Mutum zai shigo yana laluben kujera, in tambaye shi, ya ce, "Alhamdulillahi." In ce cikin biyar ɗin wanne? Ya ce, "Da sauƙi." Na rasa gidan da zan saka "da sauƙi". Sai na ce bari in gwada da Kawu, shi da ya san komai. Na zaunar da shi a gaban sauran ma'aikata na fara.

"Kawu, kana ganin abu biyu in ka kalli nesa?"

"Alhamdulillahi."

"Kana gudun haɗa ido da mutane?"

"Mun gode Allah."

Haka har ƙasa. Raina ya ɓaci, bakina ya suɓuce na ce, "Haba Kawu, kai ma ƙarya za ka yi wa takardar?"

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya fita. Talata biyu bencin babu shi. Da Inna ta ji abin da na faɗa, ta ce ko in je in durƙusa ko kada in ƙara shigo mata ɗaki. Na same shi a zaure bayan la'asar yana karatun Alƙur'ani, ya sa ɗan kwali ya tare gilashin hagu. Na durƙusa na ba da haƙuri. Ya sa alama ya rufe, ya dube ni.

"'Yata, ban yi ƙarya ba. Tambayarki ce ba ta yi sallama ba."

Na ce ban gane ba.

"Kin tara mutane, kin tambayi dattijo ko yana jin kunyar fuskarsa. Me kike so ya ce? Kuma Musulmi in aka ce masa yaya jiki, godiya zai fara, don yana tsoron kada ya zama mai kai ƙarar Ubangijinsa. Ke kuma kin tsaya a kan godiyar kin rubuta."

Na ce ai ba ni da ikon canza tambayoyin, dole kowa a yi masa iri ɗaya, in ba haka ba makin ba shi da amfani. Ya ce, "Wa ya ce ki canza? Ki bar mutum ya gama da Allah tukuna, sannan ki shigo da taki."

Talatar da ta biyo ya nuna mini. Ya sa aka fitar da kujeru biyu bayan ɗakin gwaji, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda babu mai ji. Ya zauna da wani direban babbar mota da ya ajiye tuƙi. Suka gaisa, suka yi godiya ga Allah tare, a tsanake, har da addu'a. Sai Kawu ya ce, "To, godiya ta Allah ce, mun yi, kuma ya ji. Yanzu saura haƙƙin likita. Faɗa wa likita inda ke ciwo ba butulci ba ne. Ni ma da kake gani, ku biyu nake gani in ka matsa can." Mutumin ya ɗago ya kalli idon Kawu da kyau. Na karanta tambaya ta farko kamar yadda take a rubuce, ya ce, "Kullum." Kafin mu kai ƙarshe yana share hawaye da hannun riga. Tun daga ranar haka muke yi, kuma likita ya sa aka rubuta wannan gabatarwar a saman takardar don kowa ya ji iri ɗaya.

Hajiyar nan ta Kwari a ƙarƙashin bishiyar nan muka san ta. Tun tana yarinya idonta na dama yakan fita waje in ta gaji, da girma ya zo sai ya fita ya ƙi dawowa. Kowane ido shi kaɗai yana karanta allo har ƙasa. Mijinta ya kawo ta don a ba ta maganin ciwon kai, da aka ambaci aiki ya ce, "Mace mai jikoki? Gasar kyau za ta shiga? Ai an ce tana gani." Ita ma ta ce haka ne, a bar shi.

Kawu ya roƙi a ba shi minti goma da ita, ina zaune ina karantawa. A nan muka ji cewa shekara guda ke nan ba ta hau benen da shagonta yake ba, tun ranar da ta taka matattakalar da babu ita ta gangaro. Ta yanka wa mai saye shadda a karkace har sau biyu. In tana ciniki, mai saye yakan waiwaya ya ga da wa take magana. Ta bar wa ƙaninta shagon ta ce wa kowa ta gaji da kasuwa ne.

Kawu ya ce, "Hajiya, kin yarda in yi magana da Alhaji?" Ta gyaɗa kai.

Bai nuna masa takardar ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ranar bikin 'yarku, a ina Hajiya ta wuni?"

Mutumin ya ce, "A ɗaki. Ta ce kanta ke ciwo."

"Akwai ta a hoton bikin?"

Sai ya juya ya kalli matarsa, ita kuma ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, kamar yadda ashe ta saba yi shekara da shekaru bai lura ba. A ranar ya sa hannu. Bayan wata uku da aikin ta dawo muka sake cika takardar, amsoshin duk sun gangaro zuwa "jefi-jefi" da "ko kaɗan". Ta ce da Kawu, "Baba, jiya wata ta yi mini tayin wulaƙanci, na kalle ta ido cikin ido na ce albarka." Ya yi dariya har da tari.

Irin wannan ba su ƙirguwa. Ba kowa aka yi wa aiki ba, ba kowa ya warke ba. Mai kayan gyaran motar nan tabarau kawai aka ba shi. Wani kuma sai dai aka dusashe masa gilashi ɗaya. Amma Kawu yakan bi su da dabarun da ya tara: yadda ake zuba ruwan zafi ba a ƙone ba, gefen titin da ya kamata mutum ya bi, sahun da zai tsaya a masallaci. Abin da ke ba ni mamaki har gobe shi ne bai taɓa karanta littafin ido ko ɗaya ba, amma in ya ce da likita, "Wannan a ƙasa matsalarsa take, duba yadda yake sauke ƙafa," in aka auna sai a tarar haka ne.

Bara da azumi ya kira ni gida ya ce in zo da takardar. Muka zauna a zaure mu biyu. Ya ce, "Karanta. Yau za a biya ki bashin amsa." Na ce ba sai mun yi godiyar ba? Ya ce ya yi tasa tun asuba.

Nesa? Kullum. Gefe? Kullum. Kana jin mutane na kallon idonka? Sau da yawa. Kana gudun haɗa ido da mutane? Ya ce, "Rubuta sau da yawa. Barkwancin nan da kuke ji, riga mutane nake yi kafin su fara." Na zo kan ta ƙarshe, ko ya bar wani abu da yake so saboda idonsa. Na ɗauka zai ce goro ko keke. Sai ya ce, "Shekara talatin da wani abu, in na ji kukan jirgi ya doso tasha, hannuna na dama yakan ɗaga da kansa. Ban taɓa son wani aiki kamarsa ba."

Na ce, "Kawu, ka taɓa yin nadama?"

"Wannan tana cikin takardar?"

"A'a."

"To ba sai kin rubuta ba. Na yi kewa, ban yi nadama ba. Ba abu ɗaya ba ne."

Da na haɗa makinsa, ya fi na yawancin waɗanda ya rarrasa a ƙarƙashin bishiya muni. Mutumin da ya fi kowa buƙatar a zauna da shi, shi ya shekara goma sha yana zama da wasu.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba, ƙirji ne, kwana tara. Ranar Talata da safe na zo na zauna a gefen katifarsa, na ce na ɗauki hutu. Ya buɗe ido ya ce, "Yau ba Talata ba ce?" Na ce ita ce. Ya ce akwai wani malamin makaranta daga Ungogo da ya daina shiga aji saboda ɗalibai na yi masa dariya, sau biyu yana zuwa yana cewa da sauƙi, kuma ya yi masa alkawarin yau za su zauna. "Tashi ki je. Nan akwai masu kallona, har sun yi yawa."

Na tafi ina kuka a cikin adaidaita sahu. Na fitar da kujeru biyu, na zauna a ta Kawu. Ban taɓa yin gabatarwar da bakina ba tare da yana kusa ba. Muka gaisa da malamin, muka gode wa Allah, na ce masa Baba ba shi da lafiya amma shi ya aiko ni. Ya sunkuyar da kai, sannan ya fara amsawa.

Da la'asar na koma. Numfashin Kawu ya yi nauyi, 'ya'yansa sun kewaye shi. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce na dawo.

"Ya zo?"

"Ya zo, Kawu."

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa duka. An ba shi ranar aikin ido."

Ya lumshe ido ya ce, "Madalla." Bayan wannan ba mu ƙara jin wata magana daga bakinsa ba sai kalmar shahada, da asubahin Laraba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya tsare rayukan da ba su san ya tsare su ba, ya zauna da waɗanda kunya ta hana su magana. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar iyalinsa da ta Inna. Mu da muka rage, ka ba mu ko da kaɗan daga irin gaskiyarsa, ka sa mu cika da imani. Amin.